Sarkin Musulmi Muhammadu Bello: Sarkin Da Ya Rubuta Littafi A Kan Basir

Mai karatu, idan ka taɓa cin kasuwar Dambatta ko ta Bichi, ka san muryar mai maganin basir. Lasifika na bisa mota, kwalabe na jere a kan tabarma, shi kuma yana lissafa alamomi: kumburin ciki, ciwon baya, jini a bayan gida, kasala, rama, raunin mazakuta. Kafin ya gama, kusan kowa a wurin ya ji an ambaci tasa matsalar. Sai a saya, a koma gida a sha, ba tare da kowa ya duba kowa ba.

Kalmar basir daga Larabci muka aro ta, kuma ba yau ta shigo ƙasar Hausa ba. Kimanin shekara 200 da suka wuce, mutumin da ya fi kowa iko a ƙasar nan ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kan wannan cuta. Ya rubuta wani daban a kan tsutsar ciki, wani kuma a kan filasko. Wannan mutum shi ne Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Ka san shi a matsayin malami, jarumi kuma sarki. Yau muna so ka san shi ta wata fuska, domin akwai abin da rayuwarsa za ta amfane ka da shi ranar da ciki ya dame ka, ko ya dami wani naka.

Haihuwa da karatu

An haifi Muhammadu Bello a shekarar 1781. Mahaifiyarsa ita ce Hauwa'u, wadda aka fi sani da Inna Garka. Ya tashi a Degel, cikin ƙasar Gobir, a gidan da karatu ne sana'ar maza da mata. Ya yi karatu a wurin mahaifinsa, da baffansa Abdullahi Ɗanfodiyo, da yayansa Muhammadu Sa'ad, da wasu malamai na jama'ar Shehu. Ya ƙware a Larabci, da fiƙihu, da hadisi, da tafsiri.

A wancan zamani ilimin magani ɗaya ne daga cikin fannonin da malami ke karantawa. Littattafansa kan zo ta hannun alhazai da fatake, daga Masar da Makka da ƙasashen Magrib. Wasu na ɗibbun Nabawi ne, wato abin da aka tattara daga hadisai a kan lafiya. Wasu kuma na likitocin Larabawa da Farisawa ne, waɗanda suka gina iliminsu a kan na Girkawa. Bello ya sha daga duka biyun.

Hijira, yaƙi da yunwa

Yana da kimanin shekara 22 lokacin da jama'ar Shehu suka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a watan Fabrairun 1804. A watan Yuni na wannan shekara aka gwabza a Tafkin Kwatto. Shekarun da suka biyo baya na wahala ne. Jama'a mai yawa, da mata da yara da dabbobi, suna tashi daga wannan sansani zuwa wancan, abinci bai isa ba, cuta kuma tana bin su. Duk likita ya san abin da cunkoso da ƙarancin ruwa mai tsabta ke jawowa, kuma ciki ne kan fara biya.

Alƙalawa, babban birnin Gobir, ta faɗi a 1808, Bello na jagorantar rundunar. A 1809 ya kafa garin Sakkwato. A 1812 Shehu ya raba kula da daular gida biyu, gabas a hannun Bello, yamma a hannun Abdullahi. A wannan shekara ce kuma Bello ya kammala Infaƙul Maisur, littafin tarihinsa da har gobe ake komawa gare shi. Da Shehu ya rasu a watan Afrilun 1817, aka yi wa Bello mubaya'a. Ya riƙe sarauta shekara 20.

Ƙasarku ma ta shiga cikin aikinsa. Shi ne ya naɗa Ibrahim Dabo Sarkin Kano a 1819. Da rikici ya tashi tsakanin Dabo da Ɗantunku, wanda ƙarfinsa ke yankin Dambatta, aka daɗe ana fafatawa a arewacin Kano, har sai da Bello ya shiga tsakani, aka bar wa Ɗantunku Kazaure a matsayin masarauta mai cin gashin kanta. Ke nan gonakin da kake nomawa a Makoɗa ko Kunci ko Tsanyawa, ƙasa ce da Bello ya sani, ya kuma yi hukunci a kanta.

Kowace cuta da littafinta

Duk da yaƙi da tawaye da shari'o'in jama'a, Bello bai ajiye alƙalami ba. Ya bar rubuce-rubuce fiye da 100, kuma wani kaso daga cikinsu a kan magani ne. Masanin tarihi ɗan ƙasar Sudan, Ismail Abdalla, ya yi nazarinsu a littafin da ya fitar a 1997. Ana ajiye kwafe-kwafen ayyukan Bello a ɗakin tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, da ma'adanar tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, da jami'o'i.

Wasu daga cikin littattafan na gama-gari ne. Amma akwai gajeru waɗanda kowanne ya ɗauki matsala guda. Akwai na ciwon ido, akwai na ciwon ƙoda. Uku sun shafi ciki kai tsaye: Al-Ƙaulul Mansur a kan magungunan basir, Tanbihul Ikhwan a kan magungunan tsutsotsi, da Al-Ƙaulus Sana a kan sassauta ciki da filasko.

Ka lura da wannan tsari. Mai maganin kasuwa yana tara cututtuka goma a ƙarƙashin suna ɗaya, ya ba su kwalba ɗaya. Bello ya ware basir gefe, tsutsa gefe, taurin bayan gida gefe, ƙoda gefe. Wannan rarrabewa ita ce tushen aikin likita har yau. Kafin a yi zancen magani, sai an san sunan cutar.

Ya kamata mu faɗa maka gaskiya a nan. Ilimin maganin zamanin Bello ya ginu ne a kan zafi da sanyi, da danshi da bushewa. Ba a san ƙwayoyin cuta ba tukuna, a Sakkwato ko a Landan. Don haka ba mu ce ka nemo tsohon littafi ka haɗa magani daga cikinsa ba. Abin da muke so ka ɗauka shi ne halin mutumin: bai ji kunyar ambaton cutar ba, bai haɗa ta da wadda ba ita ba, kuma bai daina neman wanda ya fi shi sani ba.

Basir: abin da ake kira da sunansa

A wurin likita, basir abu ɗaya ne tak: kumburin jijiyoyin jini da ke bakin dubura. Yakan kawo jini ja wur bayan an gama bahaya, ko ƙaiƙayi, ko tsiro da ke leƙowa ya koma. Yawan yunƙuri, da taurin bayan gida, da juna biyu, su ne suka fi jawo shi. Basir ba ya sa mutum ya rame, ba ya sa zazzaɓi, ba ya kumbura ciki da ruwa.

Ga wasu cututtuka da mutane ke kawo mana da sunan basir.

Tsagewar dubura. Ciwo ne mai tsanani kamar yankan reza lokacin bahaya, da ɗan jini kaɗan. Maganinta daban ne.

Ƙurji ko yoyon dubura. Kumburi mai zafi da zogi, ko ƙaramar kafa da ke fitar da mugunya. Sau da yawa sai an yi ƙaramin aiki.

Fitowar dubura ga yara. Iyaye kan ce basir mai tsiro ne. Galibi yaro ne da ya daɗe yana zawo, ko tamowa ta kama shi, ko tsutsa ta yi masa yawa. Idan aka magance tushen, yawanci takan daina fitowa. Kada a ƙona ta, kada a yanke, kada a tura mata gari.

Atini. Zawo da jini da majina, da murɗar ciki. Ƙwayar cuta ce a hanji.

Ciwon dajin babban hanji. Wannan shi ne dalilin da ya sa muke nacewa. Farkonsa yakan yi kama da basir: jini a bayan gida. Sai dai jinin kan gauraya da bahayar, yanayin fita bayan gida ya canja na makonni, mutum ya ji kamar bai gama ba, ya fara rama, jininsa ya ragu. A Nijeriya muna ganin wannan cuta ga masu shekara 40 da 50, har da waɗanda ba su kai ba, kuma da yawa sukan zo a makare bayan sun shafe watanni suna shan maganin basir. Idan aka gano ta da wuri, tiyata na iya warkar da ita.

Yaya ake bambancewa? Da tambaya, sannan da dubawa. Likita zai sa safar hannu, ya duba wurin da ido, ya sa yatsa ɗaya da man shafawa ya taɓa ciki. Bai fi minti 2 ba. Idan da buƙata, zai leƙa da ƙaramin bututu mai fitila, ko ya tura ka a duba hanjin gaba ɗaya da na'ura mai kyamara, aikin da ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Mun san kunya ce ke hana mutane. Kina da damar neman mace ta duba ki, ko wata ta tsaya tare da ke. Kai ma kana da damar neman namiji. Amma ka tuna, Sarkin Musulmi da kansa bai ga wannan cuta ta fi ƙarfin alƙalaminsa ba.

Tsutsa ba iri ɗaya ba ce

Bello ya rubuta a kan tsutsotsi ne da jam'i, kuma haka abin yake. Wadda ido ke gani a zamaninsa ita ce macijin ciki, da tsila mai fita gaɓa-gaɓa. Sauran sai da madubin likita ya zo. A 1838, shekara ɗaya bayan rasuwar Bello, wani likita ɗan Italiya, Angelo Dubini, ya gano ƙaramar tsutsar da ke maƙale wa hanji tana shan jini. A 1851 Theodor Bilharz ya gano tsutsar tsargiya a Alƙahira.

A ƙasa irin taku, inda gida ke jikin gona, gona ke jikin gida, hanyar yaɗuwar waɗannan tsutsotsi gajera ce. Wanda ya yi bahaya a fili ya bar ƙwai a ƙasa. Yaro ya yi wasa a wurin ya ci abinci bai wanke hannu ba, sai macijin ciki. Manomi ya taka damshin ƙasa ba takalmi, sai mai shan jini ta huda fatar ƙafarsa. Bayan watanni ya ga yana haki, tafin hannunsa ya yi fari. Tsila daga naman da bai dahu ba take zuwa. Masu noman rani da masunta da yaran da ke wanka a dam, irin na Thomas ko Watari, su ke fuskantar tsargiya. Ita ma iri biyu ce: mai sa fitsarin jini, da mai zama a jijiyoyin hanji da hanta, wadda bayan shekaru kan kumbura saifa, har ta kai ga aman jini.

Ga amfanin rarrabewa: ƙwayar albendazole da ake raba wa yara tana kashe macijin ciki da mai shan jini, amma ba ta kashe tsargiya. Ita praziquantel take so. Gwajin bayan gida da na fitsari, wanda manyan asibitocin ƙananan hukumomi ke yi, shi ke nuna wadda kake ɗauke da ita.

Filasko: maganin da ke da lokacinsa

Filasko, wanda wasu ke kira sanamaki, ya tsallake zamani. Har yau ana yin ƙwayar magani da shi, kuma yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yana motsa hanji ya tura abin da ke ciki. Ga mai taurin bayan gida na 'yan kwanaki, yana aiki.

Amma ba duk wanda ya kasa bahaya ne ke da taurin bayan gida ba. Wani hanjinsa ne ya toshe: ya murɗe, ko kaba ta shaƙe shi, ko ƙari ya tare hanya. Alamarsa ita ce ciki ya kumbura, ga amai, ba bahaya, ko tusa ba ta fita. Wani kuma afendis ne, ciwon ya faro daga cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama. Idan ka ba irin waɗannan mutane maganin wankin ciki, kana tura kaya ne a hanyar da ta toshe, kuma hanji na iya fashewa. Magani mai kyau a hannun wanda bai san cutar ba yakan zama guba.

Baƙon da atini ya kashe

A watan Janairun 1824 wani Bature ɗan Sikotilan, Hugh Clapperton, ya iso Kano ta hanyar Borno. Abokin tafiyarsa, likita Walter Oudney, ya rasu a hanya kusa da Katagum. A watan Maris Clapperton ya isa Sakkwato. Bello ya karɓe shi, ya yi masa tambayoyi masu yawa a kan ƙasarsu da iliminsu. Daga cikin abin da ya nema daga Sarkin Ingila har da likita da zai zauna a ƙasarsa.

Ka tsaya a kan wannan. Mutumin da ya karanta littattafan magani, ya rubuta nasa, yana da malamai kewaye da shi, shi ne ke neman a aiko masa da likita daga wata ƙasa mai wani addini. Bai ga hakan ya rage masa imani ko daraja ba.

Da Clapperton ya dawo ta bakin teku a ƙarshen 1825, ya taho da likitoci biyu, Dickson da Morrison. Babu wanda ya iso Sakkwato a cikinsu. Dukansu sun halaka a hanya. Abin da ya iso shi ne kyaututtuka, ciki har da littattafan Larabci, da na lissafi na Iƙlidis, da na Ibn Sina. Ziyarar ta biyu ba ta yi daɗi kamar ta farko ba, domin Sakkwato na yaƙi da Borno a lokacin, Bello kuma ya hana baƙon wucewa can. Clapperton ya kwanta ciwo da atini kimanin wata guda, hadiminsa Richard Lander na jinyarsa, ya rasu ranar 13 ga Afrilun 1827 yana da shekara 38. An binne shi a wani ƙauye kusa da Sakkwato.

A ranar, babu likita a duniya da zai iya faɗin abin da ke cin hanjinsa. Sai a 1875 Fedor Lösch ya bayyana ƙwayar amiba a bayan gidan wani majinyaci a Rasha. A ƙarshen ƙarni na 19 kuma Kiyoshi Shiga na Japan ya gano bakteriyar da ke kawo ɗaya nau'in atinin. Alamominsu sun yi kama, maganinsu ya bambanta. Yau gwajin bayan gida na taimakawa wajen rarrabe su. Kafin sakamako ya fito kuma, abin da ke riƙe rai shi ne mayar da ruwan da jiki ya zubar: a zuba ƙunshi ɗaya na garin ORS a lita 1 ta ruwa mai tsabta, a riƙa kurɓa. Yara a haɗa musu da zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma kada a daina ba su nono da abinci.

Sauran sunaye biyu: olsa da taifod

Bayan basir, sunaye biyu ne muka ga mutane na rataya wa kowane ciwon ciki.

Na farko olsa. Gyambon ciki na gaskiya miki ne a bangon tumbi ko farkon hanji, yakan kawo zafi a saman ciki daidai ƙahon zuciya. An daɗe ana ɗora laifin a kan yunwa da yaji da tunani. A 1982 likitoci biyu a Ostareliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka nuna cewa wata bakteriya, H. pylori, ita ce babbar sila, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Ana gano ta da gwajin bayan gida ko na numfashi, ana kashe ta da haɗin magunguna na kwana 10 zuwa 14. Sila ta biyu tana aljihun manoma da yawa a lokacin huɗa da noma: magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen, piroxicam da asfirin, da haɗin da ake ƙullawa a leda da sunan maganin gajiya. Suna cin bangon tumbi. Ka gaya wa likita duk wanda kake sha. Ka kuma sani, ƙwannafi, da tsakuwar matsarmama, da ciwon hanta, da ciwon dajin tumbi, har da ciwon zuciya, duk sukan zo da kamar olsa.

Na biyu taifod. Gwajin Widal da ake yi ko'ina tun 1896 yake, kuma yakan nuna alama ga mutumin da ba shi da cutar. Shi kaɗai bai isa hujja ba. Gwajin da ya fi tabbas shi ne a raini jini a ɗakin gwaji a ga ko ƙwayar za ta tsiro. Taifod na gaskiya zazzaɓi ne mai tsawo, kuma haɗarinsa shi ne hujewar hanji a mako na biyu ko na uku, musamman ga yara. Yaron da ya yi kwanaki yana zazzaɓi, sai ciki ya ɗaure ya yi tauri, asibiti mai tiyata yake buƙata a daren.

Kada mu manta da shawara. Ido ya yi ɗorawa alama ce, ba sunan cuta ba. Ciwon hanta nau'in B na iya zama a jiki shekaru shiru. Gwajin jini ne ke nuna shi, kuma allurar rigakafinsa tana cikin jerin na jarirai, ta farko cikin awa 24 da haihuwa. Gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a rumbu ma suna ɗauke da gubar da ke lalata hanta. A busar da amfani sosai kafin a adana, a tsince wanda ya ɓaci a zubar.

Wurno

A shekarunsa na ƙarshe Bello ya fi zama a Wurno, ribaɗin da ya gina arewa maso gabas da Sakkwato. A 1836 ya jagoranci yaƙinsa babba na ƙarshe a Gawakuke, ya yi nasara. Shekara ta zagayo ya kwanta jinya, ya rasu a Wurno a watan Oktoban 1837, daidai da Rajab 1253, yana da kusan shekara 56. A can kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi. Ƙanwarsa Nana Asma'u, matar Waziri Giɗaɗo, wadda suka shaƙu ƙwarai, ta rayu har 1864 tana karantar da mata. Allah Ya jiƙansu.

A duk tsawon rayuwarsa, da ikonsa da iliminsa, Bello bai taɓa samun damar a duba bayan gidan majinyaci a madubi ba, ko a ɗauki hoton ciki, ko a leƙa hanji da kyamara. Hoton ƙashi sai 1895 ya zo, bututun leƙa tumbi mai lanƙwasa sai 1957. Likitan da ya nema bai iso ba. Kai kuwa kuɗin mota ne tsakaninka da babban asibitin Dambatta ko na Bichi, daga nan kuma akwai hanyar zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano.

Idan za ka zo

Rabin gano cuta daga bakinka yake fitowa. Kafin ka shiga ɗakin likita, ka shirya amsar waɗannan: Ina ne daidai wurin ciwon? Ka nuna da yatsa. Yaushe ya fara? Cin abinci na ƙara shi ko rage shi? Sau nawa kake fita bayan gida, kuma yaya kamarsa: ruwa, tauri, majina, jini ja, ko baƙi? Akwai amai, zazzaɓi, ko rama? Ina kuke ɗiban ruwan sha? Akwai wani a gida mai irin wannan? Mace ta faɗi ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, domin cikin da ya zauna a wajen mahaifa yakan zo da ciwon mara mai kisa. Ka zo da kwalaye da kwalaben duk abin da ka sha, na kemis da na gargajiya. Ba don mu yi maka faɗa ba ne, don mu san abin da ke jikinka.

Kada ka fara da cewa basir gare ka ko olsa. Ka faɗi abin da kake ji da abin da kake gani, ka bar sunan ya fito bayan an duba.

Waɗannan alamomi kuwa ba sa jiran ranar kasuwa ko bayan girbi. A tafi asibiti nan take:

Aman jini, ko amai mai kama da garin kofi.
Bayan gida baƙi ƙirin mai danƙo kamar kwalta.
Ciwon ciki mai tsanani, ciki ya yi tauri kamar allo.
Kumburin ciki da amai, ba bahaya, ba tusa.
Kabar da ta fito ta ƙi komawa, tana ciwo.
Zawo kamar ruwan shinkafa, ko yaron da idonsa ya faɗa, ya kasa sha, ya daina fitsari.

Waɗannan kuma a ga likita cikin makon: jini a bayan gida ko da ba ciwo, abinci na maƙalewa wajen haɗiya, rama ba dalili, ido ɗorawa, ƙullutu a ciki, ko canjin bayan gida da ya wuce mako 3.

Idan akwai wani a gidanku da ya shafe watanni yana shan maganin basir, jinin bai tsaya ba, kada ku sayo masa kwalba ta gaba. Ku kawo shi a duba shi.